RUWA BA YA TSAMI BANZA: DARASIN JAKARA GA TASHAR LANTARKIN DA AKE SHIRIN YI WA KANO

Gabatarwa

Duk wanda ya fita daga birnin Kano da tsakiyar rani ya nufi ƙasar Ungogo da Minjibir, zai tarar da gonaki sun bushe, ba abin da ya rage a cikinsu sai kututturen dawa da inuwar gawo. Amma a tsakiyar wannan fari zai hangi wani ɗan siririn zare kore shar, wanda ya miƙe ya yi arewa maso gabas. Lambuna ne na latas da kabeji da alayyafo da albasa da karas, waɗanda ke shan ruwa daga kogin Jakara. In ya matsa kusa, hancinsa zai riga idonsa sanin irin ruwan: baƙi ne, wani lokaci ja ko shuɗi, yana kumfa, yana wari. Da wannan ruwa ake shayar da ganyen da gobe da asuba za a ɗora a mota a kai Kasuwar 'Yankaba, daga can ya shiga tukwanen birni.

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun abin da ya tsamar da ruwan Jakara, ta dubi dokokin da aka kafa domin hana hakan da dalilin da ya sa ba su hana ba, sa'an nan ta ja hankali ga wani baƙo da ke tafe, watau babbar tashar samar da wutar lantarki mai aiki da iskar gas, wadda aka tsara yi wa Kano. Ra'ayin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, takardar izinin zubar da ruwa ba ta da wani amfani muddin ba a auna ruwan a kai a kai, a kuma bayyana sakamakon awon ga mutanen da ruwan ke bi ta gonakinsu. Idan ba a gyara wannan ba tun kafin a aza tubalin tashar, to, manomin karkara ne zai biya kuɗin hasken da birni zai sha.

Ƙasar da Ruwan ke Ratsawa

Jakara ba baƙon suna ba ne a tarihin Kano. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci kurmin Jakara tun zamanin Barbushe, kuma a gefensa ne Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi. Ko Bature ɗan yawon nan, Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya koka da ƙazantar tafkin Jakara. Ke nan matsalar ta daɗe. Sai dai ƙazantar wancan zamani ta gida ce: ruwan wanka da wanke-wanke da kashin dabbobi, abubuwan da rana da ƙasa kan cinye su cikin ɗan lokaci.

A yau kogin yana tasowa daga cikin birni ɗauke da ruwan kwatoci da na mayanka, ya ratsa ta gefen Fagge da Sabon Gari. A gaba kaɗan sai rafin Getsi ya haɗu da shi, shi kuwa Getsi daga unguwar masana'antu ta Bompai yake kwaso nasa kayan. Daga mahaɗar nan ruwan ya fita karkara har ya taru a madatsar ruwa ta Wasai cikin Ƙaramar Hukumar Minjibir, wadda aka gina a 1976, ɗaya daga cikin jerin madatsun da aka soma tun zamanin Gwamna Audu Bako. An gina ta domin noman rani da kamun kifi da shayar da dabbobi. Aikin rufe kwarin Jakara da shimfiɗa titi a kansa, wanda aka soma a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, ya kawar da ruwan daga idon mutanen birni, amma abin da ke cikinsa yana isa Wasai kamar yadda ya saba.

Ya kamata mai karatu ya san irin ƙasar da ake magana a kai. Tun cikin shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, har da gundumar Ungogo, ya nuna cewa tana cikin yankunan da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. A nan ba a barin gona ta huta. Kowace shekara ana noma ta, ana riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da tokar gida da sharar birni, wadda a da jakuna ke ɗaukowa cikin mangala. Gado ya rarraba gonaki har sun zama ƙanana, kuma babu dajin da za a sare a yi sabuwa. Ma'anar wannan a fili take: manomin da gonarsa ta lalace a Minjibir ba shi da wata da zai koma. Ƙasar da kakanni suka raya ɗaruruwan shekaru, in guba ta shige ta, ta shiga ke nan.

Akwai wani abu kuma game da yanayin wurin. Damina a Kano wata huɗu ce zuwa biyar, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba. Sauran watannin ba ruwan sama da zai tsarma abin da aka zuba a kogi. Saboda haka da rani kusan duk abin da ke gudu a Jakara da Getsi ruwan da mutane da injuna suka gama amfani da shi ne. Lokacin da manomi ya fi bukatar ruwan, lokacin ne kuma ruwan ya fi kauri da dafi.

Abin da ke Cikin Ruwan

Kano ta shahara da jima tun kafin zuwan Turawa. Majeman gargajiya suna aiki da toka da bagaruwa, abubuwan da suka fito daga ƙasa, suke kuma komawa cikinta. Masana'antun fata na zamani kuwa suna cire gashi da farar ƙasa da wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, sa'an nan su jeme fatar da gishirin wani ƙarfe da ake kira kuromiyam. Fatar ba ta shanye shi duka, ragowar sai ta bi ruwa. Masaƙu da marinan zamani suna zubar da ruwan rini, masu aikin ƙarfe da batir da fenti suna ƙara nasu, a cikinsu har da dalma da kadmiyam. Tun da kuma wutar gwamnati ba ta isa, kusan kowace masana'anta ta zama ƙaramar tashar lantarki mai janareta na man dizal, kuma baƙin man da aka juye daga injin yakan sami hanyarsa zuwa kwata.

Ba zargi ba ne kawai. Masana daga jami'o'in gida da na waje sun sha auna wannan ruwa. A 2003, alal misali, Tony Binns da Roy Maconachie da Adamu Tanko na Jami'ar Bayero sun wallafa nazari a kan noman lambu a kewayen Kano, inda suka nuna gurɓatar ruwan Jakara da Getsi da haɗarin da ke tattare da shayar da amfanin gona da shi.

Illar waɗannan abubuwa iri-iri ce. Ruɓaɓɓen nama da kitse da jini suna cinye iskar da ke narke cikin ruwa, wadda kifi ke shaƙa, shi ya sa akan wayi gari a ga kifaye sun taso sama matattu. Gishiri yana taruwa a ƙasar lambu har ta daskare, ta yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, shuka ta riƙa ƙonewa. Ƙarafan nan kuwa su ne mafi muni, domin ba sa ruɓewa. Suna kwanciya cikin laka, ganye irin su latas da alayyafo su tsotse su, kifi ya tara su a jikinsa. Dalma tana dakushe ƙwaƙwalwar yara, kadmiyam yana lalata ƙoda da ƙashi, wani nau'in kuromiyam kuma yana haddasa ciwon daji. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da ƙarfe.

Ɗalibin da ya yi karatun zaure ya san cewa littattafan fiƙihu irin su Ishmawi da Risala sun koyar da duba ruwa ta launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Wannan ma'auni ya wadatar ga tsarki, kuma shi ne manomi ke amfani da shi har gobe. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa dalma a ruwan sha kada ta wuce miligiram 0.01 a lita guda, kuromiyam kuma kada ya wuce 0.05. Ruwan rijiya zai iya ninka wannan sau goma yana nan garau, ba wari, ba ɗaci. Abin da ido da harshe ba sa kamawa sai na'ura, na'urar kuwa ba ta hannun manomi.

Wanda ke ganin abin wasa ne ya tuna da Zamfara. A 2010 aka gano cewa gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega. A ƙasar Japan kuma, a lardin Toyama, manoma sun shekara da shekaru suna shayar da shinkafa da ruwan kogin Jinzu, wanda wata mahaƙar ma'adinai ke zuba wa kadmiyam. Ƙasusuwan mata suka riƙa karyewa, sai a 1968 gwamnatin ƙasar ta amince da musabbabin ciwon. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya isa wane tsoron Allah.

Doka Tana Nan

Ba za a ce Nijeriya ba ta da doka a kan wannan al'amari ba. Abin da ya farkar da ita shi ne abin kunyar garin Koko, a Jihar Bendel ta wancan lokaci, inda a 1988 aka gano fiye da tan 3,000 na shara mai guba da aka shigo da ita daga Italiya aka jibge a wani fili. A cikin shekarar gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 42 a kan shara mai cutarwa, da doka mai lamba 58 wadda ta haifi Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, watau FEPA.

A 1991 hukumar ta fitar da ƙa'idoji guda biyu masu muhimmanci. Ta farko ta wajabta wa kowace masana'anta ta kafa na'urar tace ruwanta kafin ta sake shi, ta kuma yanka iyakoki: zafin ruwan ya kasance ƙasa da digiri 40, tsaminsa ko kaifinsa ya tsaya tsakanin 6 da 9 a ma'aunin da masana ke amfani da shi, mai da maiƙo kada su wuce miligiram 10 a lita, gurɓin da ke yawo cikin ruwa kada ya wuce miligiram 30. Ta biyu ta ce masana'anta ta riƙa auna abin da take zubarwa tana kai rahoto kowane wata, in kuma wani abu ya kwarara bisa haɗari ta sanar cikin sa'a 24. A 1992 aka ƙara doka mai lamba 86, wadda ta hana soma kowane babban aiki sai an yi nazarin tasirinsa ga muhalli. A 1999 FEPA ta narke cikin sabuwar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin ƙa'idojin. Ita ce ta fitar da ƙa'idar ba da izini da lasisi da ta masaƙu da masana'antun fata a 2009, da ta kare ruwan sama-da-ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa a 2011, da ta ɓangaren makamashi a 2014. Jihar Kano ma tana da tata Ma'aikatar Muhalli.

Wanda ya karanta wannan jeri zai zaci Getsi ya zama ruwan sha. To, shekara fiye da talatin ke nan da ƙa'idojin 1991, rafin kuwa yana nan da launinsa.

Inda Gizo ke Saƙar

Abu na farko shi ne, tsarin ya dogara ne ga mai zubar da ruwan ya auna kansa. Shi zai ɗebi ruwan, shi zai zaɓi ranar, shi zai biya ɗakin gwaje-gwajen da zai duba, shi kuma zai kai sakamakon. Ba sai an ce kowa maƙaryaci ne ba kafin a gane raunin wannan. An dai ba kura ajiyar nama. Ɗakin gwajin da ya cika fitar da sakamako maras daɗi ya san ba za a sake kawo masa aiki ba.

Na biyu, ruwan masana'anta ba ya gudu bai ɗaya. Akwai sa'ar da ake juye manyan gangunan jima ko tukwanen rini, akwai sa'ar da ba abin da ke fita sai ruwan wanke daɓe. Kwalba guda da aka ɗiba da hantsi ranar da aka san jami'i zai zo ba ta ba da labarin abin da ya fita da tsakar dare. Na'urar tacewa kuma tana cin wuta da sinadarai, saboda haka akwai riba a kashe ta duk lokacin da ba mai gani.

Na uku, hukumomin da aka ɗora wa aikin suna da yawa, ma'aikatansu da motocinsu da kayan awonsu kuwa kaɗan ne. Tarayya na da hannu, jiha na da hannu, hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are na da hannu a ruwan yankin, ƙaramar hukuma ma haka. Inda masu dafa tuwo suka yi yawa, kowa yakan zaci wani ya sa gishiri a miya.

Na huɗu, wanda shi ne uwa uba, takardar izini da rahoton wata-wata sirri ne tsakanin ofis da ofis, da Turanci aka rubuta su, a cikin fayil suke kwana. Manomin Wasai bai san sunan masana'antun da ke sama da shi ba, balle abin da aka yarda su zubar. Wanda abin ya fi shafa shi ne wanda aka fi ɓoye wa. A Amurka, dokar tsabtar ruwa ta 1972 ta tanadi izini ga kowane bututun da ke zuba a kogi, har na tashoshin lantarki, ta mai da rahoton awo abin da kowa ke iya nema ya gani, ta kuma ba talaka damar kai mai saɓa izini kotu da kansa. Ƙarfin waccan doka ya fito ne daga yawan idanun da ke kanta.

Baƙon da ke Tafe

Tun 1931, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe aikin ruwan famfo da wutar lantarki na Kano, amma har yanzu birnin bai ƙoshi da wuta ba. Mafi yawan abin da yake samu daga nesa ake turo shi, ta babban layin da ya taso daga Kaduna ya sauka a Kumbotso. Rashin wuta na cikin manyan dalilan da suka rufe masana'antu da dama a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Domin haka ne a watan Yunin 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka tsara zai ciyar da sababbin tashoshin lantarki a Abuja da Kaduna da Kano. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu da kansu. Babu mai hankalin da zai ƙi wannan ci gaba.

Sai dai mutane da yawa sun ɗauka tashar lantarki hayaƙi kawai take fitarwa. Tashar gas ta zamani tana ƙona iskar ta juya injin farko, sa'an nan ta yi amfani da zafin da ya rage ta dafa ruwa, tururin ya juya injin na biyu. Tilas a sanyaya wannan tururi ya koma ruwa, kuma galibi da wani ruwan ake sanyaya shi. A hasumiyar sanyayawa wani kashi na ruwan yana tashi sama, gishirin da ke cikinsa ya rage a baya yana ta kauri, har sai an zubar da shi an sako sabo. Abin da aka zubar ɗin yana da ɗumi, yana da gishiri, yana ɗauke da sinadarin kashe gansakuka da na hana tsatsa. Ban da shi akwai ruwa mai tsami da mai kaifi daga sashen da ke tace ruwan tukunyar tururi, da ruwan wanke injuna, da mai da ke ɗiga daga taransifoma da tankuna, wanda ruwan sama ke kwashewa.

Tashar Egbin da ke Jihar Legas, mai ƙarfin megawat 1,320, a bakin babban tafkin Legas take zaune, ruwa ya ishe ta ɗiba, ya kuma ishe ta tsarmawa. Kano ba ta da irin wannan tafki. Duk inda aka kafa tashar, ruwan da za ta sha daga rabon manomi da makiyayi da mai famfo za a ɗebe shi, wanda za ta zubar kuma cikin rafin da ke ƙafewa da rani zai faɗa, ko ya nutse cikin ƙasar da rijiyoyin ƙauye ke sha. Bugu da ƙari, in wuta ta wadata masana'antun da suka rufe za su farfaɗo, abin da ke bin Getsi da Salanta da Challawa ya ƙaru. Wutar da ake murna da ita za ta ninka matsalar ruwa ta hanya biyu, in ba a shirya ba.

Wani Hanzari ba Gudu ba

Masu masana'antu za su ce sun riga sun durƙusa saboda tsadar man dizal da haraji da kayan waje masu araha, ƙara musu nauyin tace ruwa tamkar korar ma'aikata ne. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma dubban gidaje a Kano da albashin masana'anta suke cin tuwo. Amma kuɗin tacewar da masana'anta ta ƙi biya ba ɓacewa yake yi ba. Yana komawa kan mai lambun da ƙasarsa ta mutu, da masuncin da komarsa ta fito wayam, da uwar da ke jinyar yaro. Talaka ne ke tallafa wa mai kuɗi ba da saninsa ba. Ga ƙananan masana'antu akwai mafita sananniya, watau matatar ruwa guda ta haɗin gwiwa ga kowace unguwar masana'antu, kowa ya biya gwargwadon abin da ya zuba. Masana'antar fata kuma na iya maido da kuromiyam daga ruwanta ta sake aiki da shi, ta rage abin da take saye.

Wasu kuma za su ce manoman da kansu suke son ruwan, ba wanda ya tilasta musu. Haka ne, domin shi ne ruwan da ba ya yankewa, kuma ƙazantar gida da ke cikinsa taki ce. Hana su amfani da shi ba tare da ba su wani ba zalunci ne a kan zalunci. Abin da ake nema shi ne a raba takin da gubar tun daga tushe, wurin da gubar ke fita ta bututu ƙidayayyu, kafin ta watsu cikin gonaki dubbai inda ba mai iya tsince ta.

Abin da Ya Kamata a Yi

Da farko, kowace takardar izinin zubar da ruwa a Jihar Kano ta zama abin da jama'a ke gani. A fassara ta da Hausa, boko da ajami, a manna ta a ƙofar masana'antar da ofishin hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma, da sunan rafin da ake zubawa da iyakar kowane sinadari. Sakamakon awon wata-wata ma a bi da shi haka, a kuma karanta shi a gidajen rediyo kamar yadda ake karanta farashin hatsi. A nan masu nazarin Hausa suna da aikin yi, domin sai an samar da kalmomin da manomi zai gane kafin lambobin su yi masa magana.

Na biyu, awon da masana'anta ke yi wa kanta ya ci gaba, amma a ɗora masa na wani wanda ba ya cin albashinta. A riƙa ɗibar ruwa ba sanarwa, dare ko rana, rani da damina, a raba shi kwalba biyu, ɗaya ta tafi ɗakin gwajin hukuma, ɗaya ta tafi na jami'a. Kuɗin aikin ya fito daga kuɗin lasisi, ya bi ta asusun da masana'anta ba ta da iko da shi.

Na uku, kada awon ya tsaya a bakin bututu. A auna mahaɗar Getsi da Jakara, da mashigar madatsar Wasai, da rijiyoyin ƙauyukan da ke gefe, da ƙasar lambu, da ganye, da naman kifi. Bakin bututu yana nuna wanda ya yi laifi, gona kuwa ita ke nuna girman ɓarnar.

Na huɗu, a sa mutanen wurin cikin aikin. Dagaci da sarkin noma da sarkin ruwa sun fi kowane jami'i sanin ranar da ruwa ya sauya launi ko kifi ya mutu. A ba su littafin rubuta abin da suka gani, da ma'aunin zafi, da 'yar takardar gwada tsami, da lambar wayar da za a amsa in sun kira. A kuma riƙa ɗibar ruwan gwaji a gaban idonsu.

Na biyar, tara ta fi kuɗin tacewa tsada, in ba haka ba ta zama kuɗin sayen izinin ɓarna. Wanda ya maimaita laifi a rufe bututunsa, wanda ya lalata gona ya biya diyya ga mai ita.

Game da tashar lantarki kuwa, tun ran gini ran zane. Dokar 1992 ta tanadi a baje rahoton nazarin muhalli ga jama'a na kwanakin aiki 21. Kada a ajiye shi a ofis cikin birni a ce an cika sharaɗi. A kai shi ƙauyukan da abin ya shafa, a karanta musu da harshensu. Kafin a soma gini a auna ruwa da ƙasar wurin, domin gobe in an sami canji kada a ce dama haka suke. Rahoton ya faɗi a fili inda za a ɗebo ruwa, da yawansa, da inda za a zubar. A duba yiwuwar sanyaya tururi da iska maimakon ruwa, kamar yadda ake yi a tashar Matimba ta Afirka ta Kudu, wadda aka gina a yanki mai ƙarancin ruwa. A kafa na'urar da ke auna zafi da tsami da gishirin ruwan da ke fita dare da rana, wadda hukuma ke ganin sakamakonta kai tsaye. Sa'an nan kamfanin ya ajiye kuɗin jingina da za a gyara ɓarna da su in ta auku.

Kammalawa

An bar Bompai ta girma kafin a yi doka, da dokar ta zo kuma aka bar ta cikin fayil, sakamakon shi ne ruwan da ke kwance a Wasai yau. Tashar lantarkin Kano dama ce ta yin abin daidai tun daga farko, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mutanen Ungogo da Minjibir da Gezawa sun ciyar da birnin nan tun kafin a san lantarki, da gero da dawa da gyaɗa da kayan miya. Haƙƙinsu ne su san abin da birnin ke sako musu ta rafi, a rubuce, da lambobi, kowane wata. Malamai da ɗaliban jami'a, waɗanda da yawansu daga irin waɗannan ƙauyuka suka fito, su ne suka fi cancanta su nemi a ba su waɗannan lambobi, su auna da kansu, su kuma mayar wa iyayensu bayani. Allah Ya ba shugabanni ikon riƙe amanar ƙasa da ruwa, amin.